Gashi da Banda a Tsakar Gida: Yadda Ake Zaɓen Murhun Nama da Yadda Ake Aiki da Shi

Duk wanda ya taɓa yin Sallar Layya a Yamai ko Maraɗi ya san yadda unguwa take komawa da hantsi: an feɗe raguna, an baje su a kan sanduna, an jera su sun kewaye wuta, hayaƙi ya tokare sama. A sauran ranakun shekara kuwa, yawancinmu wajen mai tukuba muke zuwa mu sayi tsire ko balangu. Amma yanzu gidaje da dama suna son su mallaki abin gashi nasu, saboda suna ko biki ko saukar baƙi. Ƴan uwanmu da ke Faransa, Beljiyam da Amurka kuma dole ce ta sa su. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga ƙasashenmu a cikin kayansa, Amurka ma haka, shi ya sa kilishin tsaraba sau da yawa a filin jirgi yake ƙarewa. Mai marmarin naman gida sai dai ya koyi yi da hannunsa.

Nama ya yi tsada, kowa ya sani. Kuskure ɗaya na iya ƙone rabin ragon da aka yi wata da watanni ana kiwo, ko ya kwantar da mutanen gida da ciwon ciki. Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri guda, don a riƙa dawowa ana dubawa. Abin da muke so a fara riƙewa shi ne: kafin ka tambayi wane murhu za ka saya, tambayi kanka wane aiki za ka yi da shi.

Aiki uku ne, kowane da wutarsa

Na farko shi ne gashi. Nama yana kan garwashi kai tsaye, zafi mai ƙarfi, digiri 200 zuwa sama, cikin minti goma zuwa ashirin an gama. Nan ne wurin tsire, hanta, ƙoda, yankan nama marar kauri da ƙananan kifi.

Na biyu shi ne gashin hayaƙi, wanda Amurkawa ke ce wa babakiyu. Nama ba ya kan wuta, yana gefenta, an rufe da murfi, zafi kaɗan ne, tsakanin digiri 105 da 120, ana ɗaukar awoyi. Wannan na manyan gaɓoɓi ne masu jijiya da kitse: kafaɗa, ƙirji, haƙarƙari, cinya. Dalilinsa kuwa, jijiya da tantanin da ke sa nama tauri ba sa narkewa da wuta mai ƙarfi, sai da zafi kaɗan na dogon lokaci. A jihar Teksas ƙirjin sa yakan yi awa goma ko fiye a cikin murhu kafin a taɓa shi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse.

Na uku shi ne banda, wadda muka gada. Ita manufarta a fitar da ruwan jikin nama ko kifi don ya ajiyu. Kifin banda na tafkin Chadi da ke zuwa kasuwanninmu daga yankin Diffa misali ne da kowa ya sani.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, don haka a kula. Naman gashin hayaƙi yana da ƙamshin banda da launin banda, amma cikinsa da ruwa. Naman ci ne a ranar, ba na ajiya ba. Wanda ya rataye shi a ɗaki yana zaton ya yi banda, gobe zai tarar ya lalace.

Ire-iren murhu

Tukuba da sanduna. Tudun toka ko na ƙasa da wuta a tsakiya, a kafa tsinkayen tsire kewaye da ita, ko a jingina rago sukutum a kan sanduna. Ba a kashe ko dala, kuma naman ba ya ƙonewa da sauri tunda kitse ba ya ɗiga cikin wuta. Aibinsa, yana cin itace sosai, domin yawancin zafin sama yake tafiya, kuma iska da ƙura na iya ɓata aikin.

Rabin tano. Tano mai lita 200, wanda a Najeriya ake ce wa duro, a tsaga shi a tsaye gida biyu, a yi masa ƙafafu, a ɗora ragar ƙarfe. Shi ne ya fi yawa a wurinmu. Shawararmu ɗaya ce: kada a jefar da ɗaya rabin. A ce wa mai walda ya maƙala shi ya zama murfi, ya huda ƙofofin iska a ƙasa, ya sa ɗan bututun hayaƙi a sama. Tano marar murfi gashi kawai yake yi. Mai murfi yana yin gashi, yana yin gashin hayaƙi, kuma ya fi tattalin gawayi.

Murhu mai kamar ƙwarya biyu a kife. Shi ne wanda ƴan uwa na waje suka fi gani a shaguna. Wani Ba'amurke mai suna George Stephen ne ya ƙera shi a 1952, a kamfanin ƙarfe na Weber da ke Chicago, inda ya raba wani dunƙulen ƙarfe na alamar hanyar jiragen ruwa gida biyu, ya mai da rabi murfi. Yana da ƙofar iska a ƙasa da a sama. Ga iyali guda, wanda faɗinsa ya kai santimita 57 ya wadatar, kuma yana iya aikin farko da na biyu duka.

Murhun gas. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, butalin gas ya shiga gidaje da yawa a biranenmu. Murhun gashi na gas yana kamawa nan take, ana rage wuta ana ƙarawa da maɓalli, ba toka. Sai dai ba ya ba da ƙamshin hayaƙi, sai an sa gutsattsarin busasshen itace a cikin ɗan akwatin ƙarfe kusa da wutar. In za a saya, a nemi mai bakin wuta biyu ko fiye, don a iya kunna gefe ɗaya a bar ɗaya a kashe.

Murhu mai ɗakin wuta a gefe. Babban tano a kwance inda nama yake, da ƙaramin akwati a gefensa inda wuta take, hayaƙi ya ratsa ta kan nama ya fita ta bututu a ɗaya ƙarshen. Shi ne na masu sana'ar babakiyu a Teksas. Yana ɗaukar nama da yawa, amma yana son tsaro: kusan duk rabin awa zuwa awa guda sai an ƙara itace. Na araha mai siririn ƙarfe ba ya riƙe zafi, wahala kawai zai ba ka. Araha dai ba ta ado.

Tano a tsaye. Kwandon gawayi a ƙasa, raga ko ƙugiyoyin rataye nama a sama, murfi a kai. Da an daidaita ƙofar iska, yakan yi awoyi yana aiki ba a taɓa shi ba. Ga mai son gashin hayaƙi da kuɗi kaɗan, wannan muka fi ba da shawara, kuma duk mai walda a kasuwa zai iya haɗa shi.

Murhun yumɓu. Asalinsa daga Japan ne, ana ce masa kamado. Tukunya ce mai kauri da murfi, tana riƙe zafi kamar tanderun masu gurasa, ba ta cin gawayi. Amma tana da nauyi, da tsada, in ta faɗi kuma ta fashe.

Murhun ƙwayoyin garin katako. Joe Traeger ne ya fito da shi a jihar Oregon a shekarun 1980. Inji ne ke tura ƙwayoyin cikin wuta da kansa, kai dai ka saita zafin da kake so. Yana da sauƙi ga mazauna Amurka da Turai, amma sai da kuran, kuma sai an sayi ƙwayoyin. Inda ake yawan ɗauke wuta, ko babu mai sayar da su, kada dangi su wahalar da kansu su aiko da shi gida.

Murhun banda na Chorkor. Sunan wata unguwar masunta ce a Akra, inda aka fito da shi wajen 1970. Gini ne na laka mai kusurwa huɗu da bakin wuta a ƙasa, a jera farantan raga masu firam na katako ɗaya bisa ɗaya, har goma ko fiye, a rufe na sama. Hayaƙi ɗaya ke ratsa su duka, don haka itacen da ake ƙonewa ya ragu ƙwarai. Ga ƙungiyoyin mata masu bandar kifi a Madarunfa, Tabalak ko bakin kogin Kwara, da duk mai bandar nama da yawa, wannan ya fi rami buɗaɗɗe nesa ba kusa ba.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Da farko a san me tanon ya taɓa ɗauka. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko wani sinadari, a bar shi, wanki ba ya fitar da gubar. Wanda ya ɗauki fetur kuwa, ko ya daɗe da ƙarewa, tururin da ya rage a ciki na iya fashewa da zarar an sa masa injin yanka ko wutar walda, kuma mutane sun rasa rayukansu ta haka. Mafi kyau shi ne wanda ya ɗauki man girki ko wani kayan abinci. Shi ma a hura babbar wuta a cikinsa, ba nama, har fenti da rufin ciki su ƙone, a kankare, a wanke, a shafa man gyaɗa, sannan a fara aiki.

Na biyu, raga. A guji farin ƙarfe irin na kwanon rufin ɗaki ko wayar shinge, domin an shafe su da sinadarin zinki, in ya ji wuta yana fitar da tururi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A guji ragar tsohon firigo, ita ma da rufi a jikinta. A nemi inoks, ko baƙin ƙarfe marar fenti. In da hali, raga ta zama mai ɗagawa da saukewa.

Na uku, kaurin ƙarfe. Ka ƙwanƙwasa ka ji. Siriri yana saurin zafi, yana saurin hucewa, damina biyu ta cinye shi.

Na huɗu, murfi ya zauna daram, ƙofofin iska su buɗe su rufe ba gardama, ƙafafu su tsaya ba rawa, mariƙi ya zama na katako don kada ya ƙona hannu. A ƙarshe a duba ta inda za a kwashe toka.

Gawayi da itace

Gawayin itace mai nauyi, wanda in ka buga biyu suke ƙara kamar ƙarfe, shi ne na gashi. Na kirya ya yi suna tun wajen maƙera saboda zafinsa da daɗewarsa. A Turai da Amurka za a ga gawayi iri biyu: na itace zalla, da dunƙulallen da aka matse daga gari, wanda kamfanin motoci na Ford ya yaɗa a shekarun 1920 don cin moriyar ragowar katakon masana'antarsa. Na itace ya fi zafi, ba ya barin toka da yawa, ya dace da tsire. Dunƙulallen ya fi daɗewa da zafi iri ɗaya, ya dace da gashin hayaƙi. A guji wanda aka jiƙa da man kunnawa tun daga kamfani, yana sa wa nama wari. Gawayin ƙasa kuma, wato kwal, a bar shi ga girkin tukunya, kada a ɗora nama kai tsaye a kansa.

Itacen hayaƙi dole ya bushe sarai. Ɗanye yana ba da farin hayaƙi mai kauri da ke sa nama ɗaci. Bagaruwa, kirya da busassun rassan itatuwan marmari kamar mangwaro da gwaba suna ba da ƙamshi mai kyau. Ba a son da yawa: gutsure biyu ko uku kamar dunƙulen hannu a kan garwashi sun isa.

Waɗanda ba a sawa ko kusa: tumfafiya da duk itace mai farin ƙaro, katako mai fenti ko wanda aka yi wa maganin gara, kwali mai rubutu, leda, roba, taya. Haka kuma ba a kunna wutar nama da fetur ko kananzir.

Sai mu tuna daga ina itacen yake fitowa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi shekaru suna raya itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, har duniya ta shaida. Murhu mai murfi, da haɗa wuta guda tsakanin maƙwabta ranar Layya maimakon kowane gida da tasa, hanya ce ta rage saran daji, ta rage kuma kuɗin da ke fita daga aljihu.

Hura wuta da sarrafa zafi

Hanya mafi sauƙi ta kunna gawayi: a samu babban gwangwani, a cire samansa da ƙasansa, a huda ramuka a gindinsa, a sa ƴar raga a ciki. Takarda ko karmami a ƙasa, gawayi a sama, a kunna. Cikin minti 15 zuwa 20 gawayin ya kama. Kada a ɗora nama sai harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi farar toka a bayansa.

Sirrin aikin duka shi ne raba murhu gida biyu. A tara garwashi a gefe ɗaya, a bar ɗaya gefen babu komai. Gefen wuta na gashi ne, gefen da babu wuta na nunar da ciki ne, kuma nan ne mafaka in kitse ya ɗiga wuta ta tashi. Kaza ko zabo, misali, a fara su a gefen da babu wuta da murfi a rufe, in sun kusa nuna a dawo da su kan garwashi fata ta yi ja. Wanda ya fara da wuta mai ƙarfi, waje zai ƙone, wajen ƙashi da jini.

In babu ma'aunin zafi, hannu ma ma'auni ne. Ka riƙe tafin hannunka kamar taƙi guda sama da raga, ka ƙirga. In ka janye kafin ka kai huɗu, wuta mai ƙarfi ce, ta tsire. In ka kai shida ko bakwai, matsakaiciya ce, ta kaza da balangu. In ka kai goma, ta yi sanyi, ta gashin hayaƙi ce.

A murhu mai murfi, iska ce ke tuƙa wuta. Ƙofar ƙasa in an buɗe, zafi ya hau, in an rage, ya sauka. Ta sama kuwa a bar ta a buɗe ko da rabi, ta kasance a saitin nama, don hayaƙi ya ratsa ya wuce. Hayaƙin da ake so siriri ne, mai ɗan shuɗi, da kyar ake ganinsa. In ya yi fari ya turnuƙe, wuta ba ta samun iska. A sa kwanon ruwa a ƙarƙashin nama: yana tare kitse, yana daidaita zafi. Kuma a daina yawan buɗe murfi ana leƙe, duk buɗewa zafi ne ke gudu.

Wani abu da ke tsorata sababbin hannu: babban nama in zafin cikinsa ya kai wajen digiri 65 zuwa 70, sai ya tsaya cik, awa biyu ko uku bai ƙaru ba. Ba lalacewa ba ce. Ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A yi haƙuri, ko a naɗe shi da takardar alminiyom a mayar. Masu balangunmu sun daɗe da sanin wannan dabara ta naɗe nama a takarda da albasa ya turaru. Sai dai a tabbata takardar mai tsabta ce, ba mai ƙurar siminti ko tawadar jarida ba.

Yajin tsire mai ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa. A shafa kaɗan da man gyaɗa tun farko, a ajiye sauran sai an kusa saukewa.

Yadda ake sanin nama ya nuna

Launi na yaudara, musamman da dare ko a cikin hayaƙi. Ɗan ma'aunin zafi mai tsinke ba shi da tsada a ƙasashen waje, kuma in dangi na neman tsarabar da za ta yi amfani, ga ta nan. A soka shi a wuri mafi kauri, kada ya taɓa ƙashi. Ma'aunin da hukumar noma ta Amurka ta bayar shi ne:

Naman sa, rago ko akuya, yanka guda: digiri 63, a bar shi ya huta minti uku.
Niƙaƙƙen nama: digiri 71.
Kaza, zabo da sauran tsuntsaye: digiri 74.
Kifi: digiri 63.

Ga mazauna Amurka da ke aiki da ma'aunin Farenhait, lambobin su ne 145, 160 da 165, zafin murhun hayaƙi kuma 225 zuwa 250. Waɗannan lambobi na lafiya ne. Kafaɗa da ƙirji kuwa, in ana so su yi laushi har su rabu da ƙashi, sai cikinsu ya kai wajen digiri 90 zuwa 95.

In babu ma'auni, a tsaga wuri mafi kauri har ƙashi. Kaza kada a ga ja ko jini a gaɓar cinya. In an sauke babban nama, a rufe shi ya huta minti 15 zuwa rabin awa kafin a yanka, ruwansa zai zauna a ciki maimakon ya malale a faranti.

Ragon Layya

Gashin da muke yi ranar Layya yana tsakanin gashin hayaƙi da banda. A ƴan shekarun nan Sallar tana faɗowa a ƙarshen bazara da farkon damina, lokacin zafi, ƙuda da guguwa, don haka sai an ƙara kula. A kafa wuta inda bango ke tare iska. A bar ta ta zama garwashi kafin a matso da nama. A fara da cikin ragon yana fuskantar wuta, daga baya a juya bayansa. Cinya da kafaɗa su ne matsala: a tsattsaga su da wuƙa har kusa da ƙashi, a sa gishiri, a karkata su wajen da ya fi zafi. Sau da yawa haƙarƙari ya bushe, cinya kuwa cikinta ɗanye, a kwana da ita a haka cikin zafi, da safe a raba wa mutane. Kafin a kashe wuta, a duba cinyar. In ba ta nuna ba, a cire ta a yanyanka a ƙarasa a kan raga, ko a soya.

Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. Dafaffen nama mai ruwa a jiki kada ya wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi kuma awa guda. Abin da ba za a ci ba, ko firigo, ko suya har ruwansa ya ƙone, ko banda ta gaskiya: a yanka siriri, a sa gishiri, a fara da wuta mai ɗan ƙarfi har ya nuna, sannan a rage a bar shi a hayaƙi har ya bushe ƙayau. Kayan ciki a gama da su tun ranar farko. Faranti da wuƙar da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa gasasshe sai an wanke da sabulu.

Wuta kuma ba ta gyara dabba marar lafiya. A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya kashe mutane a arewacin jihar Tawa, kuma ta jini da naman dabbobi masu ciwo cutar ke kama mutum. Dabbar da ake shakkarta, a kira ma'aikacin kiwo ya duba kafin a yanka.

Haɗarin da ba a gani

Mafi muni shi ne iskar da gawayi ke fitarwa, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, sai barci, daga nan sai dai a wayi gari da labari marar daɗi. Kada a taɓa shigar da murhun gawayi cikin ɗaki, shago ko garejin mota, ko ana ruwa, ko ana sanyi, ko da taga a buɗe. Garwashin da ake ganin ya mutu ma yana fitar da ita. Wanda ya fara jin alamun, a fitar da shi iska nan take, a kai shi likita.

Sai gobara. Murhu ya yi nesa da zana, danni, rumbu da tarin kara, aƙalla taku huɗu ko biyar. A ajiye bokitin yashi kusa. Wutar kitse ba a zuba mata ruwa, a rufe murfi da ƙofofin iska, ko a zuba yashi. Yara su yi nesa, mai gashi kuma ya tattare babbar riga ko mayafi. Toka na iya riƙe wuta fiye da kwana guda, a jiƙa ta kafin a zubar.

Mai murhun gas ya riƙa shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗa. In ya ga kumfa na tashi, gas na fita, ya rufe butali. Kullum a buɗe murfi kafin a kunna.

Akwai kuma na dogon lokaci. Kitsen da ke ɗiga a wuta da baƙin ƙonewar da ke jikin nama suna ɗauke da sinadaran da bincike ya danganta da ciwon daji, kuma a 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, har da na hayaƙi, cikin abubuwan da yawan cinsu ke jawo cutar. Ba cewa muke a daina ci ba. A rage kitse kafin gashi, a riƙa juyawa, a kankare inda ya ƙone, kada kuma ya zama abincin kullum.

Ga ƴan uwa na ƙasashen waje

Kafin ka saya, karanta takardar hayar gidanka. A garuruwa da yawa na Amurka an hana murhun gawayi a barandar gidajen bene, a Faransa ma dokar gini na iya hanawa. Inda aka hana, murhun lantarki ne mafita. In za ka yi amfani da murhun jama'a a wurin shaƙatawa, ka sani ana gasa kowane irin nama a kai, har da na alade, don haka ka tafi da ragarka ko ka shimfiɗa takardar alminiyom mai kauri. In ka gayyaci maƙwabta, ka faɗa musu akwai gyaɗa a yajin tsire, domin wasu yaransu gyaɗa na iya kai su asibiti. A lokacin sanyi kuma gawayi ya fi ƙonewa da sauri, ka tanadi ƙari.

Kula da murhu

Bayan an gama, tun raga da zafi, a goge ta da rabin albasa a bakin cokali mai yatsu, ta Galmi in an samu, sannan a shafa mai. Burushin waya yana zubar da ƙananan wayoyi da ke maƙalewa a nama a haɗiye, gara a bar shi. A kwashe toka duk lokacin da aka gama, domin toka in ta sha ruwa ita ke cinye gindin tano. Da damina a kife shi ko a shigar da shi rumfa bayan ya huce sarai.

In za mu taƙaita: mai tsire da kaza lokaci-lokaci, rabin tano mai murfi ko murhu mai kamar ƙwarya ya ishe shi. Mai son manyan gaɓoɓi masu laushi, ya sa a haɗa masa tano a tsaye. Mai bandar ajiya ko ta sayarwa, ya gina na laka mai farantai. Mazaunin bene a ƙasar waje, ya bi dokar gidansa. Sauran kuma sabo ne: ka fara da kaza guda kafin ka kai ga rago. Mai tambaya ko wata dabara da ake yi a garinsu, ƙofarmu a buɗe take. Allah ya sa a ci lafiya.